Ranar da Ciɗo Ya Durƙusa

Ranar Talata da hantsi Baba ya ajiye takalman a gabana, ya ɗora wuƙar dukanci a kansu.

"Ki warware ɗinkin," ya ce. "Fatar sama tana da kyau, ta isa kube biyu. Ƙasan ki jefar."

"To, Baba."

Ya koma rumfarsa ta ƙofar gida. Na zauna ina kallonsu har inuwar katanga ta janye daga kaina.

Takalman ƙwallo ne, baƙaƙe, na hagu ya buɗe baki ta wajen babban yatsa. Kowanne da haƙoran fata shida a ƙasa, an buga su da ƙusa, rabinsu sun cinye. Na sa hannu ciki, na ji gurbin ƙafar mai su, har inda ɗan yatsansa ya karkace.

Na Ciɗo ne. Jiya ya kawo su da hannunsa, domin su ne sharaɗin aurenmu. In na yanka su, ranar Juma'a a raba goro.

Abin da na daɗe ina roƙo ke nan. Ga shi ya zo, ni kuwa ban ji daɗi ba, ban ji zafi ba. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Sunana Zaliha, ni kaɗai Attahir baduku ya haifa. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, Inna ta rasu, na dawo gida hannun Gwaggo Tanna, yayar Baba. Da idon Baba ya fara rauni, ƙananan ɗinki suka dawo wurina.

Ekip ɗin garinmu Tawa, wato ƙungiyar 'yan wasa, ƙwallo ɗaya gare su. Duk mako sai ta fashe, duk mako sai an kawo mana. Ciɗo ke kawowa. Ni ke ɗinkewa a cikin gida, Baba ya miƙa masa a rumfa. Shekara guda yana yaba wa Baba ɗinkin da ba nasa ba kafin ya gane. Daga nan abin da ya faru ya faru.

Ɗan Barmu ne. Can ya fara, ƙafa ba takalmi, da ƙwallon tsumma a bayan rumbuna. Mushe Filibus, wato Malam Filibus na lakwal, mutumin Dogon Dutsi, shi ya gan shi. Ya taho da shi Tawa, ya ba shi ɗaki a gidansa, ya sama masa aikin raba wasiƙu a posta, ya sa masa riga mai lamba bakwai. Takalman ma shi ya samo masa wurin wani soja mai komawa ƙasarsu. Shekara huɗu bayan mulkin kai, daga Kalfu har Takanamat babu wanda bai ji labarin gudun Ciɗo ba.

Baba kaɗai bai ga abin yabo ba.

Kawun Ciɗo ya kawo goron tambaya. Baba bai raba ba, bai mayar ba. Gwaggo ta zuba shi a tukunya ta rufe da ganye, kowace safiya tana yayyafa masa ruwa kada ya bushe.

"Attahir," ta ce masa wata rana, "goron mutane ya yi kwana arba'in. Mi yaron ga ya yi maka?"

"Bai yi min komi ba, Yaya."

"To?"

"Gidan ga ake ɗinke abin da suke bi da gudu. Na san cikinta. Iska ce anka hura, anka ɗaure baki. Ƙato da gemu, gwiwa waje, shina tsere gaban mata da yara. Shi ne za ya riƙe gida?"

"An ce a Abijan biyansu ake."

"An ce."

Akwai kuma Isufu, mai kawo wa Baba kirgi daga majema a bayan kekensa. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa aure ba, bai taɓa ce min abin da ya wuce gaisuwa ba. Shi ma ya turo.

Baba ya kira ni ya ce, "Ba ni yi miki tilas, Zaliha. In ba ki son Isufu, ki zauna. Amma ba ni ba da ke ga wanda sana'arshi gudu ce."

Tun ranar da goro ya shigo gidanmu Ciɗo ya ɗauki Baba suruki, ko da ba a ba shi ba. Ya daina kawo ƙwallo, sai Mushe. In wasiƙa ta biyo da shi layinmu, tun daga kwana yake cire takalmi, ya durƙusa daga nesa, ba ya tashi sai gaisuwa ta ƙare. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya dariya inda idon Baba zai kai. Haka aka rene shi a Barmu. Ni kuwa sai ta ƙofar baya yake ganina, Gwaggo na gefe tana kaɗi.

Ta nan ya gaya min labarin baƙon Yamai.

"Ranar Lahadi muna bugawa da 'yan Ƙonni. Akwai mutum mai zuwa da littahi, mutum guda za ya ɗauka. Aiki, ɗaki, ekip babba. Daga nan sai rigar ƙasa. Daga nan Allah kaɗai ya san iyaka."

"In an ɗauke ka, Baba fa?"

"In ya ji sunana ga radiyo, wata ƙila ya ga ba iska ba ce."

Daga wannan maganar na samo dabarata. Na ce me zai sa a jira radiyo. Baba ya gani da idonsa, ya ji yadda gari ke kiran sunan.

Ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawo irin ta ranar ba. Na durƙusa a bakin rumfa.

"Sau guda ka zo hili, Baba. Ka gani, in ya so ka maida goron."

Ya dube ni. "Ke ce da baki haka? Shi ke nan. Amma ba ni zama cikin masu ihu."

Ba wai ban yi tunani ba. Na san in Ciɗo ya ga Baba ƙafarsa za ta mutu. Shi ya sa ban gaya masa ba, shi ya sa kuma na zaɓi wurin zama da kaina. Sau bakwai na taɓa kallon wasa daga cikin masu sayar da gyaɗa, kowane lokaci Ciɗo gefen gabas yake gudu, dab da layi. Sai na ce wa Gwaggo a shimfiɗa wa Baba buzu a gefen yamma, gindin dogon yaro, inda dattawa ke zama. Faɗin fili guda tsakaninsu.

Abin da ban lura da shi ba, duk zuwan nan bakwai da an busa usur na hutu nake komawa gida in ɗora tukunya. Ban taɓa ganin abin da ake yi bayan hutu ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar fili ya cika. Baba ya zo a makare, dattawa suka matsa masa har gaba, bakin layi. Baƙon Yamai na kan kujera kusa da Mushe, farar riga, littafi a cinya.

Ciɗo kuwa ranar tasa ce. Ya wuce mutum biyu kamar an kafa su, ya buga, ta shiga. Mai kalangu ya kama sunansa, gari ya amsa. Na ga baƙo ya rubuta, ya sake rubutawa. Na dubi gindin dogon yaro, na ga Baba ya ɗan sunkuyo gaba, carbinsa ya tsaya.

Na ce a raina, ta yi.

Aka busa hutu. A karon farko na zauna ban tafi ba.

Da aka dawo sai na ga 'yan Tawa sun nufi ragar da 'yan Ƙonni suka bari. Na ga lamba bakwai yana tsallaka fili a hankali, yana gyara safa, har ya tsaya a gefen yamma.

Na taɓa wata mai gyaɗa. "Mi ya sa sunka juya?"

"Haka ake yi mana. 'Yan gida su fara ta wajen lakwal, su ƙare ta wajen kasuwa. Ke yau kinka fara zuwa?"

Na so in tashi. Kafin in motsa an busa usur.

Ba a daɗe ba aka ba shi ƙwallo. Ya karɓa da ƙirji, ya sauke, ya kwasa da gudu a kan layi, kansa a ƙasa. Mutum ɗaya ya faɗi a bayansa. Saura ya ɗaga kai ya duba wanda zai ba.

Ya ɗaga kai, ya ga Baba taku uku a gabansa.

Ya tsaya cik. Hannunsa ɗaya ya ja ƙafar wando yana son rufe gwiwa, ɗayan ya nufi igiyar takalmi. Ya durƙusa a kan layi. Ƙwallo ta ci gaba da gangarawa ita kaɗai.

Filin ya yi shiru har na ji muryarsa daga inda nake.

"Barka da yamma, Baba."

Baba kuwa ba ya yanke gaisuwa don kowa.

"Barka kadai. Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Mutanen Barmu?"

"Suna lahiya."

"Kawunka ya samu sauƙin ƙafar?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Gero ya shiga rumbu?"

Kafin gero ya shiga rumbu wani siririn ɗan Ƙonni ya ɗauke ƙwallo, ya ratsa fili, ya zuba ta a ragarmu.

Dariya ta fara daga wajen 'yan Ƙonni, ta zagayo ta cinye namu. Mai kalangu ma ya ajiye kalangu yana riƙe ciki. Mushe ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Daga nan Ciɗo bai sake kusantar layin ba. Ya koma tsakiya yana karo da 'yan uwansa, hannu ɗaya kullum a ƙafar wando. Mushe na kiran sunansa, shi kuwa kamar ba shi ba. Aka tashi sun ci mu biyu da ɗaya. Baƙon Yamai ya rufe littafi tun kafin usur na ƙarshe. Washegari ya tafi da siririn ɗan Ƙonni.

Baba ya dawo gida fuska a sake, abin da na daɗe ban gani ba.

"Yaya, yaron ga ɗan mutane ne. Gaban gari duka, bai wuce ni ba. Mai kunya irin wagga bai kamata a bar shi ga iska ba. Ya kawo min takalman, aikin posta ya ishe shi. Juma'a a raba goro."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na shiga madafa na ɗora tukunyar da ta makara.

Ranar Litinin da yamma ya zo ta ƙofar baya, takalman a hannu. Gwaggo ta karɓa ta kai wa Baba. Ya zauna a kan turmi.

"Ki yi murna mana," ya ce. "Mun samu."

"Mun samu."

"To mi ya sa kike kallon ƙasa? Ni ya kamata in kalli ƙasa. Gida goma sha ɗaya na kai wasiƙa yau, gida tara an durƙusa min ana tambayata gero."

Ya gyara zama a kan turmin, ya ci gaba.

"Abu guda ne ban gane ba. Shekara shida ina bugawa garin ga bai taɓa leƙawa ba. Mi ya kai shi hili ranar?"

Kaji na tono a gindin rumbu. Na bi su da ido har suka gama.

"Ni ce."

"Ke ce mi?"

"Ni na roƙe shi. Na ce in ya ga yadda ake kiran sunanka za ya yarda. Na zaɓa mashi gefen da ba ka bi. Ban san ana juyawa ba."

Ya yi wani sauti, ba dariya ba ce.

"Ba ki san ana juyawa ba."

"Kullum da hutu nike tahiya ɗora tukunya."

Ya sunkuyar da kai. Na ga ruwa na ɗiga a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ɗaya bayan ɗaya. Nawa idon a bushe yake.

"Da gangan kinka yi, Zaliha, da na ji sauƙi. Da na samu wanda zan yi wa hushi."

"Ka yi min."

"Ba ni iyawa."

"Da ka wuce shi kawai. Da daga baya mun ba shi haƙuri."

"Na so. Wallahi kaina ya ce wuce. Gwiwata ce ba ta ji ba. Tun ina shekara biyar ake koya mata durƙuso, ƙwallo daga baya ta zo." Ya share fuska da gefen riga. "Kin san abin da ya fi ci min rai? Na ga Sule, ɗan ekip ɗinmu, shi kaɗai gaban raga. Na gan shi. Da na buga, da yau ina Yamai."

"Ka yafe min."

"Ba abin yafewa. Na rasa Yamai, na same ki. Ai ke nike so." Ya miƙe. "Ai ke nike so," ya sake cewa, kamar mai tuna wa kansa.

Na bi bayansa da kallo har kwana. Tafiyar mai raba wasiƙu yake yi.

Shi ya sa ranar Talata har azahar wuƙa na kan takalman ban taɓa ta ba.

Baba na masallaci Mushe Filibus ya yi sallama, ƙwallo a hammata, ta sake fashewa. Gwaggo ta shigo da shi zaure. Ya miƙo min ita, idonsa ya sauka kan tabarma.

"Ba ki yanka ba tukuna."

"Tukuna, Mushe."

Ya zaro wata takarda daga aljihu.

"Ciɗo ya ce kada in gaya miki. Ni kuwa tsoho ne, ba ni jin magana. Wani abokina ne na lakwal, shina horar da ekip ɗin wani kamfani a bakin teku, Abijan. Can ƙwallon ita ce aikin, ba a raba wasiƙa. Ya ce in turo yaron a gwada shi wata guda. Na ɓoye ta don in Yamai ba ta yi ba. Akwai babbar mota, kamiyon albasa, mai tashi jibi da sahe."

"Za su ɗauke shi?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Ba ni yi miki ƙarya. Cikin goma masu zuwa guda ake riƙewa." Ya ɗan murmusa. "Amma dai can ba shi da suruki."

Gwaggo ta ce, "Mushe, ka zo gyaran ƙwallo ko ɓata aure?"

"Na zo faɗin abin da na sani, Gwaggo. Shekararshi ashirin da uku. Ƙafa irin tashi shekara bakwai ta rage mata, in Allah ya tsare."

Na ce, "In ya tahi, yaushe za ya dawo?"

"Wanda anka riƙe shina yin shekara uku bai ga gida ba. Wanda anka kora, kunya takan hana shi dawowa."

Ya ninke takardar, ya fita.

Bai daɗe ba na ji ƙararrawar keke. Isufu ne da kirgi. Da yake Baba bai dawo ba, ni na fita karɓa.

"Na ji an ba Ciɗo," ya ce, yana kwance igiya. "Allah ya sa alheri."

"Amin."

"Ina hili ranar Lahadi. Ban yi dariya ba."

"Na gode."

Ya ɗora ƙafa kan feda, ya tsaya. "In wani abu ya canza, ni ban canza ba. Shi ke nan abin da zan ce."

Na shigo da kirgin na shimfiɗa. Mai kauri ne, na bayan sa, ya jemu da kyau. Ban yanke wata shawara ba. Hannuna ne kawai ya ɗauki wuƙa ya yanki gefensa, ya fitar da ƙananan da'irori, ya jera su uku uku. Na cire tsofaffin haƙora na buga sababbi. Na zare zare na kama bakin na hagu da basilla.

Ina cikin ɗinki inuwa ta rufe min haske.

"Warwarewa na ce."

"Na ji, Baba."

Ashe Gwaggo ta tare shi a ƙofa ta faɗa masa komai. Ya ɗauki takalmin ya kai dab da idonsa, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Kin san in takalmin ga ya fita gidan ga da ranshi, goro za ya bi bayanshi?"

"Na sani."

"Ba ni maida magana."

"Na sani, Baba."

"Ke kinka durƙusa min don yaron ga. Na ba ki. Yanzu kuma da hannunki."

Ya sake juya takalmin. Ya ja zaren da farce.

"Zaren ga bai jure ruwa," ya ce. "Can ƙasar ruwa ce. Ɗauki jijiya, ki shafa mata kaki."

Ya ajiye takalmin a hankali, ya koma rumfa. Bai sake yi min magana ba ranar.

Laraba bayan la'asar muka tafi gidan Mushe ni da Gwaggo, takalman a ƙunshe cikin zane. Tun daga gida take faɗa har muka isa. Ciɗo na zaune a ƙofar ɗakinsa, ba ya yin komai.

Na ajiye ƙunshin a gabansa na kwance.

"Mi ne wannan?"

"Naka."

Ya juya su, ya ga sababbin haƙora. "Baba ya fasa sharaɗin?"

"Baba bai fasa ba."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar Mushe, ya gane.

"Na ce mashi kada ya gaya miki."

"Ya gaya min."

"To ba ni zuwa. Na riga na ba da su. Kin gaji da ni ne? Ko kunyar auren mai durƙuso kike?"

"A'a."

"To mi?"

Maganar ta fito a shimfiɗe, kamar wata ce ke yin ta da bakina.

"In na aure ka haka, kullum ka shigo gida ƙafarka zan duba. Kowace Lahadi in an busa usur mu yi shiru, kai a zaure, ni a madafa. Kai ba ka cewa komi, na san ka. Ni kuwa ba ni iya shekara talatin da wannan shirun."

"Za ya wuce, Zaliha."

"Shekaranjiya sau biyu ka ce ni kake so. Na biyun ba da ni kake ba."

Ya rufe ido. Hawaye suka biyo ta gefe.

"Isufu fa?"

"Baba ya ce bai yi min tilas."

"Yau ya ce. Shekara uku fa? Sa'o'inki duka da goyo, kowa na magana, Gwaggo ta ƙara tsufa, keke kullum ƙofar gida. Ki ce min kina jirana, in tahi da ita."

"Ba ni yi maka alkawarin da ban san ƙarfinshi ba. Ban san abin da nike iyawa ba. Abin da na sani, na zauna wuni guda da wuƙa ban iya yanka su ba."

"In sun kore ni? In na rasa can, na rasa nan?"

"To ka san ƙafarka sunka gani sunka kora. Ba laifina za ka aura ba."

Gwaggo ta fashe da kuka. "Kwana arba'in da bakwai ina ba goron ga ruwa. Ku biyun nan ba mai hankali cikinku."

Ciɗo ya daɗe da takalmin a hannu. Sannan ya cire na ƙafarsa, ya zura na hagu, ya ja igiya. Ya zura na dama. Ya miƙe, ya taka sau biyu, ya ɗaga dunduniya ya sauke.

"Ya daina shan ƙasa," ya ce.

"Jijiya ce. Baba ya ce tana jure ruwa."

"Baba ya ce?"

"Shi ya ce."

Ya sunkuya yana shafa ɗinkin. Na naɗe zanena, na ce wa Gwaggo mu tafi, tukunya na jira.

Ban je tasha ba. Ranar Alhamis ina shara na ji kamiyo ya yi oda sau biyu ta hanyar Ƙonni. Na tsaya da tsintsiya a hannu, ina jiran wani abu ya motsa a ƙirjina. Bai motsa ba. Na ƙarasa sharar.

Da hantsi na ga an fito da tukunyar goro bakin zaure, an ɗaure ta da igiya. Gobe ake mayar da ita Barmu. Gwaggo na ɗaki ta juya wa ƙofa baya, yau ba ta ba shi ruwa ba. Ganyen sama har ya fara nannaɗewa.

A jikin katanga keke na jingine.

"Zaliha," Baba ya kira daga rumfa. "Kawo wa baƙo ruwa."

Na ɗebo a ƙwarya na nufi ƙofa. Da na zo daidai tukunyar na tsaya. Na tsoma yatsu, na yayyafa wa ganyen har ya jiƙe, na ɗaga gefe na yayyafa na ƙasa, yadda Gwaggo ke yi.

Abin da ya rage a ƙwaryar shi na kai wa Isufu.